Gidajen Guntayen Malam

Shekara talatin da huɗu maigidana ya yi yana ɗinkin littattafai a ɗakin baya na laburare, ni kuma na yi talatin da huɗu ina kankare masa busasshen gam daga hannun riga. Malam nake ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa, ko da yake ban san ya taɓa koya wa wani komai ba in ban da yadda ake zura zare a basilla. Ɗakin aikinsa taga ɗaya gare shi, can sama kusa da rufi. Akwai dogon tebur, da matsin ƙarfe da ake murɗawa a danne littafi, da tukunyar gam, da tarin kwali, sai littattafan da bayansu ya ɓalle suna jiran layi kamar marasa lafiya a asibiti. Duk wanda ya shiga ɗakin sai ya yi atishawa. Shi kuwa ko sau ɗaya ban ji ya yi ba.

Mutum ne marar hayaniya, marar abokan yawo, ba ya kallon ƙwallo, ba ya musun siyasa. Da aka aura mini shi na ce na dace. Ashe nasa abin yana nan tafe, a cikin kwalin ashana.

A shekararmu ta biyu ne ya dawo daga aiki yana murmushi, ya zauna a gefen tabarma, ya buɗe kwalin a hankali ya ce in duba. Na duba. Wani ɗan ƙwaro ne launin ƙasa, shafaffe, bai kai kuɗin cizo girma ba, ƙafa takwas, da hannuwa biyu dogaye masu baki kamar awartaki. Kunama ce sak, sai dai ba wutsiya. Malam ya taɓa gabansa da tsinken ashana, abin ya zura da baya a guje. Ni kuma na zura hannu na ɗauko takalmi.

Ya riƙe mini hannu. Ya ce a tsakiyar wani tsohon ƙamus ya same shi, kuma a ganinsa jaririn kunama ne, yana so ya ga ranar da wutsiyar za ta fito. Na ce ranar da ta fito, shi da ita su nemi wani gidan. Ya mayar da shi wurin aiki, ya sa a kwalba da 'yan guntayen takarda, yana kamo masa ƙananan fararen ƙwarin nan masu cin gam yana ba shi. Kullum ya dawo sai na tambaye shi, cikin tsiya, ko wutsiya ta fito. Kullum sai ya ce tukuna, da gaske yake amsawa. Wata rana ya dawo da labarin cewa abin ya saƙa wa kansa ɗan ɗaki na zare kamar gizo-gizo ya shige. Malam ya yi kwanaki yana zumuɗi, ya ce in ya fito da wutsiya zai fito. Ya fito, ya saɓe tsohuwar fata, ya ɗan ƙara girma, baya fayau. Haka ya rayu kusan shekara biyu ya mutu bai harbi kowa ba. Daga ranar Malam ya raɗa musu suna guntaye, kuma ya yanke hukunci cewa su ba 'ya'yan kowa ba ne, halittarsu ke nan.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe farawa ta yi. Tunda ya gane akwai su, sai ya fara ganinsu ko'ina. Ya sayi gilashin ido irin na masu gyaran agogo. In muna tafiya a titi, sai in waiga in ga mijina ya tsaya jikin itace yana ɓamɓarar ɓawo da wuƙar yankan kwali, mutane suna wucewa suna kallona kamar ni na aike shi. Ya same su a ƙarƙashin duwatsun bayan makarantar yara. Ya same su a tsohuwar sheƙar tsuntsu da iska ta kaɗo. Wani maƙwabcinmu mai kiwon zuma ya bar shi ya share ƙasan amya, nan ma ya samu, bayan zuma ta kumbura masa kunne ɗaya ya yi kwana uku bai sa hula ba. Rariyata kuwa, sabuwa fil, na neme ta sama da ƙasa, sai na hango shi a bayan gidanmu ya shimfiɗa farin ƙyalle yana tankaɗen ruɓaɓɓen ganye da ita. Ranar na yi faɗa har muryata ta dishe. Ya saurare ni tsaf, da na gama ya ce haƙƙina ne in yi fushi, sannan ya ce in ɗan matsa ina tare masa haske.

Wanda ya fi ba shi daɗi shi ne na ƙuda. Muna cin abincin rana, wani ƙuda ya sauka a bakin kwano yana tafiya yana jan ƙafa. Malam ya kifa masa kofi. Ashe guntu ne ya damƙi ƙafar ƙudan da hannu ɗaya, ƙudan na yawo da shi. Malam ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce ka ji mai wayo, ba shi da fiffike amma ya samu mota. Ban so in yi dariya ba, amma na yi.

Tun farko yana tara su a duk kwalbar da ya samu, daga baya 'yar farinmu da ta zama nas ita ta riƙa kawo masa ƙananan kwalaben allura da aka gama da su, ya wanke, ya zuba sifirit, ya sa guntu ɗaya ko biyu a ciki da 'yar takarda mai rubutu. Da laburare ya koma aiki da kwamfuta aka yar da tsohon kabad ɗin katuna mai ƙananan aljihuna, Malam ya ja shi zuwa ɗakin aikinsa. Ya raba aljihunan gida-gida, ya liƙa wa kowane suna: gidan littafi, gidan ɓawo, gidan ganye, gidan dutse, gidan sheƙa, gidan amya. Na bakwai ya rubuta matafiya, su ne waɗanda ya kama a ƙafar ƙuda ko jikin buzuzu bai san garinsu ba. Kafin gashinsa ya yi fari kwalabe sun haura ɗari huɗu.

Sai ritaya ta zo. Aka ba shi takarda, wata uku, kuma aka ce ɗakin za a mai da shi wurin ajiye injuna, ya kwashe duk abin da yake nasa. Ya zo mini da maganar a kaikaice, wai ko falo zai ɗauki ɗan kabad. Na ce ciki da falo kawai gare mu, jikoki bakwai ke shigowa suna taɓa komai suna kaiwa baki, kwalba ko ɗaya ba za ta shigo mini gida ba. Bai yi musu ba, da ma ba ya musu. Sai dai ya fara rage abinci, in na yi magana sai na maimaita. Na san in ba a samu inda za a kai su ba, shara za a zuba su, aikin shekara talatin da ɗoriya. Abin ya dame ni ƙwarai, amma na riga na furta, ni kuma ba na son janye magana.

'Yarmu ce ta nemo mafita. Akwai wata malamar jami'a da ke kawo mahaifiyarta asibitinsu, aikinta ke nan binciken gizo-gizo da kunamu da danginsu. 'Yarmu ta nuna mata hoton kabad ɗin a waya, matar ta ce za ta zo ta gani, in abin mai amfani ne jami'a za ta karɓa ta adana. Malam ya yi sati yana goge kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Ranar da za ta zo na ce zan bi shi, wai don in kai masa shayi. Gaskiya dai tsoro nake ji kada a wulaƙanta mini shi babu kowa nasa a wurin.

Dakta, malamar jami'ar, ta zo da hantsi, yarinya ce sa'ar 'yarmu, da jaka a kafaɗa da na'urar nan mai ƙara girman abu a cikin akwati. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce masa Baba ta ce mini Mama, ta yi atishawa sau uku, sannan ta ja aljihun farko. Ta bi kwalaben da kallo. Ta ce a duk karatunta ba ta taɓa ganin masu yawa haka a wuri ɗaya ba. Malam ya gyara hula.

Ta ce a littattafansu sunan waɗannan halittu kunamar ƙarya. Nan take fuskar Malam ta canza. Ya tambaye ta, cikin ladabi, ko akwai ranar da ɗayansu ya ce wa wani shi kunama ne. Ya ce mu ne muka kalle su muka yi kuskure, to ƙaryar ta wa ce? Dakta ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce daga yau ita ma guntaye za ta riƙa cewa. Ta gaya masa cewa irinsu a duniya sun haura dubu uku, an kasa su gida sama da ashirin, akwai na bakin teku, akwai na cikin kogo marasa ido sam. Malam ya ce ashe nasa bakwai ɗin bai ma fara ba.

Daga nan ta kafa na'ura ta fara dubawa, tana ɗauko wannan daga nan wancan daga can. Bayan kamar awa guda ta jera kwalabe uku a gabansa, ɗaya daga gidan littafi, ɗaya daga gidan ɓawo, ɗaya daga gidan amya, ta ce waɗannan 'yan gida ɗaya ne. Ta sake jera uku, duka daga aljihun ɓawo, ta ce waɗannan kuma gida uku ne daban-daban, ba abin da ya haɗa su sai kama. Ta ce su ba sa duba inda aka samu abu, jikinsa suke dubawa: ido nawa, gaɓoɓin ƙafa nawa, yadda gashin hannu ya jeru, da inda dafi yake. Ta sa shi ya leƙa na'urar ya ga yatsu biyun awartakin. Ta ce wani gidan dafinsu a yatsa mai motsi yake, wani a wanda ba ya motsi, gidan su na littafi kuwa duka yatsun biyu suna da shi, da shi suke kama ƙananan ƙwari, ko fatar mutum ba ya iya hudawa. Ta rubuta masa sunan gidan a takarda, Cheliferidae, ta ce su kaɗai sun haura iri ɗari biyu.

Malam ya daɗe yana kallon kwalaben. Sannan ya ce, a hankali, shi fa da hannunsa ya ciro wannan daga littafi, wancan daga amya, tsakaninsu tafiyar rabin awa a ƙafa, ta yaya za su zama 'yan gida ɗaya? Dakta ta sake bayani, ya sake tambaya. Ita tana cewa gida, shi yana cewa gida, kowa da abin da yake nufi, ba wanda ya lura. Can sai na ji ya ce, yana kallon ƙasa, ke nan duk rabon da ya yi shekara da shekaru shirme ne. Muryar da ya faɗa da ita ta soke ni. Ni ce na fi kowa kiran abin shirme, amma ban taɓa son ya yarda ba.

Na ajiye kofin shayi na ce, "Malam, shekara nawa na yi a gidanka?"

Ya ce talatin da shida.

"To in aka tambaye ka ni 'yar wane gida ce, gidanka za ka ce?"

Ya ɗago ya kalle ni. Na ce masa mu biyar mahaifinmu ya haifa mata, yau kowacce tana wata unguwa, ɗaya ma sai an hau mota kwana guda, amma duk wanda ya ga hancinmu ya san 'yan gida ɗaya ne. Matan layinmu kuwa famfo ɗaya muke ɗiba, ban haɗa ko kaka da ɗayarsu ba. Na ce shi ya raba su da gidan aure, yarinyar nan tana raba su da gidan uba, ba wanda ya yi ƙarya.

Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya yi dariya irin wadda rabona da ji tun kafin takardar ritaya. Ya ɗauki ta amya ya ɗaga ta wajen taga ya ce, ashe ke aure ya kai ki cikin zuma. Dakta ta ce wallahi da haka za ta riƙa koya wa ɗalibanta. Ta ƙara da cewa gidan auren ne ma abin da suka fi rasa, domin gidan uba kowa mai na'ura zai iya ganowa, amma inda abu yake zaune sai wanda ya je ya ɗaga ɓawon. Ta yaba masa da ya yi rubutun da fensir, don da biro ne da tuni sifirit ya cinye. Ya ce mai ɗinkin littafi ba ya kawo tawada kusa da aikinsa.

Na fara murna ke nan, sai ta zaro takarda ɗaya da hantsaki ta karanta, ta zaro ta biyu, ta uku, fuskarta ta sauya. Ta ce wurin yana nan a rubuce dalla-dalla, amma ina kwanan wata? Ƙa'idar ma'ajiyarsu ita ce ba a karɓar kwalbar da ba ta da wata da shekara, don da shi ake sanin lokacin da suke haihuwa da lokacin da suke ɓacewa. Malam ya ce ai ya rubuta. Ta karanta mana abin da ya rubuta. Gidan ɓawo, itacen bakin asibiti, ranar da auta ya karye a hannu. Gidan ganye, bayan gidanmu, washegarin da ta sayi keken ɗinki. Gidan sheƙa, satin da babba ta fara rarrafe. Duk kwalabe ɗari huɗu haka suke, ba lamba ko ɗaya. Ta tambaye shi ko zai tuna shekarun. Mutumin da bai san shekarun 'ya'yansa ba sai in ya tambaye ni. Ya sunkuyar da kai.

Na ce auta ya karye ranar Talata, sha ɗaya ga watan biyar, yana aji uku, na faɗi shekarar. Keken ɗinki watan tara na shekarar da ta biyo baya, takardarsa ma tana cikin akwatina. Dakta ta juyo gaba ɗaya ta kalle ni. Malam ya ce mata kada ta yi mamaki, wannan matar tana iya gaya masa laifin da ya yi shekara ashirin da suka wuce da rigar da ke jikinsa ranar. Na ce yau ga amfaninsa.

Sati uku muka yi muna wannan aiki, kullum bayan azahar. Na kwaso katunan asibiti, da sakamakon jarrabawar yara, da tsofaffin hotuna masu kwanan wata a baya. Dakta tana karantawa, ni ina faɗa, tana rubutawa, Malam yana mayar da murfi yana tsoma baki ana ce masa ya yi shiru. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Rayuwata ce kaf ake zaro mini daga cikin kwalabe, haƙorin farko, tashinmu daga gidan haya, ranar da ruwa ya shigo mana ɗaki, abubuwan da na rantse bai ma lura an yi ba. Ashe yana lura, wurin ajiyarsa ne daban. Guda goma sha bakwai ne kawai suka gagare ni, su ma Dakta ta ce shekara ta isa. Ta kawo takardar karɓa daga jami'a, da sunansa a kai a matsayin wanda ya tara, ta ce za a jera su gidan uba, amma kowace kwalba za ta tafi da takardar fensir ɗinta.

Rana ta ƙarshe, ana jiran motar da za ta ɗauki kabad, Dakta ta zaro wata kwalba daga can ƙurewar aljihun littafi. Ta ɗaga ta, ta girgiza, ta ce wannan ba komai a ciki, ko sifirit babu, takarda ce kawai. Malam ya miƙa hannu da sauri ya ce ta bar wannan. Ai kuwa na riga shi cewa ta karanta.

Ta karanta. "Gidan littafi. Ranar da ta dawo. Biyu ne, sun riƙe hannun juna suna gaba suna baya. Ban kama su ba."

Sau ɗaya na taɓa yin yaji a zamanmu, kwana tara, dalilin kuma ba na kowa ba ne. Da na dawo bai ce mini komai ba sai sannu da zuwa, ya karɓi jakata, ya tafi aiki. Na riƙe wannan a raina shekara ashirin da shida, ina cewa ko a jikinsa.

Dakta, da ba ta san komai ba, ta hau bayani da murna cewa abin da Baba ya gani ba kowa ke dacewa da ganinsa ba, haka namijin wannan gidan yake neman mace, ya kama hannuwanta su yi ta rawa. Malam ya duƙufa yana gyara zaren da ba abin da ya same shi, kunnuwansa har rawa suke. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, ina dariya ina sharewa da bakin mayafi.

Ta ɗauki biro ta ce, "Mama, wannan wace rana ce?"

Na ce Lahadi na tafi, Talata ta sama na dawo, amma ba sai ta rubuta ba, tunda ba guntu a ciki jami'a ba ta da abin yi da ita. Na karɓi kwalbar na mayar da takardar ciki, na toshe, na jefa a jakata. Malam ya ɗago ya kalli jakar, ya kalle ni, ya buɗe baki. Na ce ya yi maza ya kama wa mutane kabad, mota ta iso.